Air Jordan 1: nawa ne kuɗin takalmi, nawa ne kuɗin suna?

Nike ta ɗauki Michael Jordan a 1984, yana shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ke nan, a kan dala dubu 500 duk shekara har shekara biyar. A 1985 kambas ɗin ya fito a kan dala 65. Abin da ya sa sunan ya kama shi ne ba hoto kawai aka ɗauke shi riƙe da kaya ba. Da takalmin yake buga wasa idon duniya na kallo, sunansa na jiki, kuma yana da kaso a duk wanda aka sayar. Shi ya sa har yau ake cewa "Jordan", ba "Nike" ba, alhali ya ajiye ƙwallon kwando tun 2003.

To, takalmin kansa fa? Wajen ƙarko ba laifi. Samansa fata ce, tafinsa roba mai tauri wadda aka zagaye da ɗinki, don haka ba ya saurin ɓanɓarewa kamar na gam zalla. Amma ƙirar 1985 ce. 'Yar jakar iskar da ke dunduniya ba ta da kauri, wanda zai yini a tsaye zai ji a jikinsa. Ramukan shan iska na kan yatsu ne kawai, a zafin bazara ƙafa jiƙewa take da zufa. Gaban kuma dole ya yi ƙwarya-ƙwaryar lanƙwasa, halin fatar ne, ba alamar jabu ba ce.

Jabu kuwa ya cika gari, a shago da wajen 'yan gwanjo. Sabon High OG, wato mai dogon wuya irin ƙirar asali, a Amurka ya kai wajen dala 180. In aka ce maka naira dubu 30 sabo dal, ka san inda aka dosa. Duba lambar samfuri da ke takardar cikin takalmin, ta yi daidai da ta kwali. Harshen High OG "Nike Air" ne a rubuce, tambarin mutumin nan mai tsalle a harshen Mid, wato mai matsakaicin wuya, yake. Ka lura da ɗinkin alamar Nike, da gam da ya yi tsartuwa, da warin roba mai hawa kai.

Kada a jiƙa shi a bokitin omo, kada a shanya a rana: fata na tsagewa, farin gefe ya koma rawaya. Tsumma mai ɗanshi da buroshi mai laushi sun isa, a cusa takarda a ciki ya bushe a inuwa.

Don kwalliya ya cancanta. Mai neman na gudu ko motsa jiki ya sayi wani, da rabin kuɗin zai samu wanda ya fi shi taushi.