Hattara da masu sake sassaƙa tsoffin tayoyi su sayar a matsayin sababbi

Jama'a, abin da ya same ni wata huɗu da suka wuce ne ya sa nake wannan rubutu, kuma na tabbata ba ni kaɗai aka yi wa ba. Motata tana ɗaukar taya mai lamba 225/45 R17, irin mai gajeren gefe ɗin nan da ake sa wa motocin gudu don su riƙe kwana da kyau. Na gaba biyu suka cinye, na shiga neman sababbi, sai na ci karo da wani mai talla a intanet yana sayar da tayoyin wani babban kamfani da rahusa mai ban mamaki. Ya ce ragowar kayan sito ne ake son kwashewa. Hotunan tsaf, tayoyin baƙi ƙirin suna sheƙi, zanensu da zurfi. Na biya, aka kawo su a naɗe cikin leda, mai faci ya ɗaura, na kama hanya.

Ba a yi sati shida ba sitiyari ya fara rawa duk lokacin da na kai kilomita 100 a awa. Na tsuguna na duba, zanen ya cinye nan da can ba tsari, kuma a cikin wani rami na hango abu yana ƙyalli. Wayar ƙarfen da ke cikin tayar ce. Da na kira mutumin sai ya ce: "Ranka ya daɗe, ai motarka ce ba ta da saiti, ka je a yi maka alaimen. Mu ba ma karɓar kaya bayan an ɗaura." Washegari ya toshe lambata.

Wannan amsar tasa ita ce rabin damfarar. Ya san yawancinmu ba mu iya karanta cin taya ba, don haka kowace irin matsala ta fito sai ya ɗora wa motarka, kai kuma ka yi shiru kana zargin kanka.

Bakanikena ne ya cire tayar ya nuna min aikin da aka yi mata. Tsohuwa ce da ta riga ta yi sanƙo, aka bi layukan zanenta da wuƙa mai zafi aka ƙara musu zurfi. Akwai tayoyin manyan motoci da kamfani ke ƙerawa da ƙarin roba don a iya yi musu haka, kuma yana rubutawa a jikinsu. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan rarar. Robar da ke tsakanin ƙasan zane da wayoyin ƙarfe 'yar kaɗan ce, da an yanke ta ruwa ya samu hanyar shiga, waya ta yi tsatsa, zafi ya taru, wata rana a tsakiyar gudu fatar tayar ta ɓare. Da iyalina nake hawa wannan motar, shi ya sa har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Alamun suna nan tun ranar farko, ban dai san in duba ba. Kowace taya ta gaskiya tana da wasu 'yan tuddai a cikin manyan ramukan zane, tsayinsu milimita 1.6, su ne ke nuna iyakar cin taya. A tawa babu ko ɗaya, wuƙa ta share su. Sabuwar taya kuma tana da 'yan siraran tsage-tsage a saman zane, waɗanda ke ɓacewa idan ta tsufa. Idan ka ga manyan ramuka da zurfi amma sauran saman sumul, to hannu ne ya yi aikin. Sa yatsa ka bi ramin: na kamfani santsi ne da shi kuma faɗinsa ɗaya, na wuƙa yana da kaushi, yana faɗi yana tsukewa.

Sai shekaru. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar ƙira. 3518 na nufin sati na 35 a 2018. Sau da yawa a gefe guda kawai ake buga cikakkiyar lambar, don haka a juya tayar a duba. Idan lambobi uku ne, an ƙera ta kafin shekarar 2000. A tawa an goge wurin an shafe shi da man sheƙi, man da ya rufe ƙananan tsagewar tsufa da ke gefen. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara bayan ta shekara 5 ana aiki da ita, a kuma canza ta idan ta kai 10 daga ranar ƙira ko da zanenta bai ƙare ba. Duba lambar lodi da gudu ma, kamar 91W: 91 na nufin kilo 615 a kan taya ɗaya, W kuma kilomita 270 a awa. H 210 ce, V 240, Y 300. Kada ka karɓi wadda ta gaza abin da littafin motarka ya ce.

Yanzu ga abin da zai hana a rufe maka baki da maganar alaimen. Kowace matsala da irin cin da take yi. Idan tsakiya ya cinye gefuna na nan, iska ta yi yawa. Idan gefuna biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Cin gefe ɗaya kawai, na ciki ko na waje, shi ne na rashin saitin ƙafa, kuma yana bin tayar zagaye guda a jere. Idan ka shafa zanen ka ji santsi ta wannan ɓangare, kaifi ta wancan, ƙafafun ba sa kallon gaba daidai. Ramuka-ramuka kamar an ɗiba da cokali kuwa yawanci shokoba ce ta mutu ko babu balansin, wato nauyin tayar bai daidaita ba a zagaye. Gaskiya ne tayar gudu robarta ta fi laushi, ta fi saurin cinyewa, kuma motoci da dama na irin wannan suna cin gefen ciki fiye da na waje, don haka ka juya sitiyari har ƙarshe ka leƙa ciki. Amma babu rashin saitin da ke share tuddan nan na milimita 1.6 daga cikin rami alhali ramin na nan da zurfinsa.

Abin da ya wanke motata shi ne tsoffin tayoyin da na cire, Allah ya sa ban yar ba. Cinsu daidai yake daga gefe zuwa gefe. Muka hau na'urar saiti, ita ma ta nuna ƙafafun lafiya lau. Don haka ina roƙonku, kafin ku rabu da tsohuwar taya ku dube ta sosai, ku ɗauki hotonta. In cin ya karkace, a gyara motar tukuna, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta ƙare. Mai sayarwa kuma ya turo hoton lambar DOT ta kowace taya kafin kuɗi su fita, ya ba da rasiɗi mai ɗauke da girma da lambar, kuma a buɗe ledar a gabanku kafin a ɗaura. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan, ku bar masa kayansa.

Su kuwa biyun da aka sayar min, na sa bakanike ya farke gefensu da wuƙa kafin a kai su juji, don kada wani ya tsince su ya sake shafa musu mai ya kai wa wani bawan Allah.