Kowane dodo da takensa: abin da kunnena ya jiyo a Final Fantasy XIV

Wata ukun farko da na yi a Final Fantasy XIV, a kurmance na yi su. Na shiga a 2020, kuma tun ranar farko na rage kiɗan wasan har ƙasa, don na saba kunna wani abu daban a gefe in ina wasa. A ganina a lokacin, kiɗan wasan kwamfuta kamar labule yake, an rataya shi ne kawai don kada ɗaki ya zauna tsirara. Wani dodo mai suna Titan ne ya raba ni da wannan ra'ayi, kuma ba da lalama ba.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Square Enix na Japan ne ya yi shi. A intanet ake buga shi, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, ya shiga duniya ɗaya da dubban mutane. Manyan faɗace-faɗacensa galibi mutum takwas ke haɗuwa su yi: biyu masu tare duka, biyu masu warkarwa, huɗu masu kai hari. Babban dodon da ake taruwa a kansa kuwa, bos 'yan wasa ke ce masa.

Titan dutse ne mai rai. A kan wani fili mai da'ira ake faɗa da shi, kewaye da rami. Ya yi tsalle ya diro, filin ya rage faɗi. Ya zana layi a ƙasa, wanda bai kauce ba sai ya ji shi a sama yana wulwulawa. A wancan lokacin, in ka faɗa ramin ba mai iya tashinka, sai dai ka zauna kana kallon sauran har a ci ko a faɗi. A daren da nake magana, sau goma sha ɗaya muka faɗi a matakinsa mafi tsanani, kuma ba zan ɓoye ba, bakwai daga ciki ni na fara wulwulawa. Can sai ɗaya daga cikin masu warkar da mu, wata baiwar Allah da ban taɓa ganin fuskarta ba, ta yi magana ta Discord, manhajar da muke hira da murya a kanta.

"Ɗan'uwa, tsakani da Allah, kana jin kiɗan kuwa?"

Na ce a'a, a kashe yake.

"To ai shi ya sa. Ɗaga shi. Ka rage ƙura wa ma'aunin jininsa ido, kunnenka zai gaya maka inda muke."

Na ɗaga, rabi don kunya. Sai na gane cewa duk tsawon lokacin nan rabin faɗan nake yi. Kiɗa biyar ne a jere a faɗan Titan, kowane mataki da nasa. Na farko a natse yake shigowa, kamar ana auna juna. Da ya yi tsalle ya diro sai kiɗan ya ƙara nauyi, ganguna su matso kusa. Ya sake tsalle, ya sake ƙaruwa. Idan zuciyarsa ta bayyana, wadda dole a farfasa ta kafin lokaci ya cika, akwai kiɗan da ke ta ingiza ka kamar ana ƙirga maka daƙiƙu. In kun tsallake wannan, ya sauke muku babban bugunsa kuka rayu, to a nan ne jita ke ɓarkewa da murya mai kaushi, wato waƙar da ake kira "Under the Weight". In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, to a nan ba karin magana ba ne, umarni ne. Da na ji sautin ya juya, yatsuna sun riga sun san abin da ke tafe. A gwaji na uku bayan haka muka kayar da shi, ina tsaye a kan ƙafafuna, tsigar jikina a tashe.

Tun daga ranar ban sake taɓa wannan maɓallin ba.

Mutumin da ke bayan yawancin wannan aiki shi ne Masayoshi Soken, daraktan sauti na wasan. Tarihin abin ma da ɗan ban mamaki. Wasan ya fara fitowa a 2010 bai karɓu ba, har aka rufe shi a 2012, aka sake gina shi ƙarƙashin Naoki Yoshida, ya dawo a watan Agustan 2013 da suna A Realm Reborn. Kiɗan na farko Nobuo Uematsu ne ya tsara, dattijon da ya yi wa jerin Final Fantasy kiɗa tun daga tushe, kuma waƙarsa "Answers", wadda Susan Calloway ta rera, ita ce aka rufe tsohuwar duniyar da ita. Daga dawowar wasan sai ragamar ta koma hannun Soken. Zuwa 2017 wasan ya shiga kundin Guinness da kiɗa na asali guda 384, kuma bayan nan an ƙara wa wasan sabbin sassa, wato Stormblood, Shadowbringers a 2019, Endwalker a 2021 da Dawntrail a 2024, kowanne da nasa lodin. Amma yawa ba shi ne abin da ya kama ni ba. Ana iya tara kiɗa ɗari biyar duk su zama labule.

Abin da ya kama ni shi ne, kowane dodo da takensa, kuma taken ba don a zuga ni aka yi shi ba. Shi dodon ake yi wa. A wasanni da yawa da na buga, kiɗan faɗa cewa yake yi: ga jarumi nan, ku ba shi hanya. A nan kuwa sau da yawa baitocin daga bakin abokin gabar suke fitowa, ko daga bakin waɗanda suka kira shi don ya cece su. Kana dukan mutum, yana rera maka dalilinsa.

Shiva ce ta fi nuna mini haka. Mace ce mai suna Ysayle da ta ari siffar sarauniyar ƙanƙara don wata manufa da ta yi imani da ita. Rabin farko na faɗan, kiɗan sanyi gare shi, mai nauyi, irin wanda ke sa ka rage murya. Sai ta daskarar da ku duka takwas ɗin, kowa ya sandare a inda yake, ba mai iya motsa ko yatsa. Ƙanƙarar ta tarwatse. A daidai wannan gaɓar, ba kafin ba, ba bayan ba, "Oblivion" ke faɗowa da jita da muryar mace. Na yi wannan faɗa ya fi a ƙirga, ina neman wani doki da ake samu a matakinsa mai tsanani, amma har yau in aka zo wurin sai na ji na gyara zama. Dabarar a fili take: an ɗaure sauyin kiɗan da abin da dodon ya yi, ba da agogo ba. Ko kun yi sauri ko kun yi jinkiri, waƙar tana jiran wannan tarwatsewar.

(Wanda ya tsani a ɓata masa labari ya yi haƙuri da sakin layi biyu masu zuwa, ko da yake zan taka a hankali.)

A watan Agustan 2020 aka saki kashi na 5.3, wanda ya ƙulle babban labarin Shadowbringers. Ni sai a farkon 2021 na iso wurin. Waƙar faɗan ƙarshensa ita ce "To the Edge", Jason Charles Miller ya rera. Akwai ƙarar agogo a cikinta, kas, kas, kas, kuma an saƙa ta da karin wani birni da ka riga ka ratsa a baya, birnin mutanen da suka shuɗe. Wato kafin a furta kalma ɗaya, kunnenka ya riga ya gaya maka daga ina wannan abokin gabar ya fito da abin da ya rasa. Ban san lokacin da na daina jin haushinsa ba. Na dai san mun faɗi sau biyu, kuma a karo na biyu laifina ne, don na tsaya sauraro a inda ya kamata in gudu. Mai tare mana duka ya rubuto cewa kada in damu, shi ma haka ta faru da shi ranar farko.

Bayan 'yan watanni, a watan Mayun 2021, a ƙarshen bikin masoya wasan da aka yi ta intanet, Soken ya fito ya faɗi abin da aka ɓoye. Ya shafe wani babban ɓangare na 2020 yana fama da ciwon daji, kuma a gadon asibiti ya yi aikin wannan waƙar. Yawancin abokan aikinsa ba su ma sani ba. Yoshida na gefensa yana share hawaye. Soken ya ce ciwon ya lafa. Ba na son in zama cikin masu cewa wahala ce ke haifar da gwaninta, domin waƙar ta riga ta kama ni tun ban san komai ba, kuma da lafiyarsa ƙalau ya yi ta, da hakan ya fi mini daɗi. Sai dai tun daga ranar ƙarar agogon nan ta sauya mini ma'ana, ba kuma yadda zan yi in mayar da ita yadda take da.

To, kada a ce yabo kawai na zo yi.

Na farko, faɗan mutum takwas hayaniya ce. Takubba, tsafe-tsafe, fashe-fashe, ga kuma abokai suna ta magana a kunne. In ka bar sauti yadda ya zo, sau da yawa kiɗan nutsewa yake yi. Maganin yana hannunka: akwai ma'auni daban na kiɗa, na ƙarar duka, na muryoyi, har ma da na ƙarar da sauran 'yan wasa ke yi. Ni na bar kiɗa a sama, na rage ƙarar dukan abokan tafiya sosai, na bar ƙararrawar gargaɗi yadda take don ita ce ke ceton rai. Kuma a sa abin sauraro a kunne. Lasifikar kwamfutar tafi-da-gidanka tana cinye duk nauyin gangunan Titan, sai ka ji kamar ana buga gwangwani.

Na biyu ya fi ci mini rai, ko da yake ba laifin kowa ba ne. Tsofaffin dodannin sun tsufa. 'Yan wasa sun ƙware, kayan yaƙi sun yi ƙarfi, sai ka ga an tattake bos cikin 'yan mintuna. Kiɗan da aka gina don ya hau a hankali, sai a tsallake rabinsa a guje, waƙar ƙarshe ko amshi ba ta kai ba an gama. Sabon shiga ya fito yana murna ya ci, bai san abin da ya wuce shi ba.

Na uku kuwa ɗanɗano ne. Ba duka nake so ba. Akwai waɗanda suka yi mini zaƙi da yawa, kamar "Bee My Honey" ta Dawntrail, wadda na yi wa tsaki a ranar farko. Abin haushin, kwana uku bayan haka na kama kaina ina rera ta ina wanke fuska. Har yau ban yanke hukunci ba ko sonta nake yi ko kamu ta yi mini. Sannan duk daɗin kiɗa, in kun kwana biyar kuna faɗuwa a mataki ɗaya na faɗa mai tsanani, daƙiƙu arba'in ɗin farkonsa sai sun fita daga ranka. Akwai wanda har yanzu in na ji farkonsa sai cikina ya ɗuri ruwa, don ya tuna mini mako guda na asara.

Ana iya sauraron su a wajen faɗa. A cikin wasan akwai na'urar da ake kira Orchestrion, kana tara faifan kiɗa kana kunnawa a ɗakinka, wasu faifan ma sai ka kayar da dodon a matakinsa mai tsanani kafin su faɗo. A waje kuma akwai The Primals, ƙungiyar makaɗan da Soken ya kafa a 2014 tare da abokin aikinsa Michael-Christopher Koji Fox da wasu, suna buga waɗannan take-take a dandali. Ina sauraronsu, ina jin daɗi. Amma gaskiya ɗaya ce, "Under the Weight" a kan kujera da "Under the Weight" a bakin rami, saura mutum uku a raye, ba abu ɗaya ba ne. Wanda ya tura wa abokinsa waƙar kawai yana jiran ya tsima kamar yadda shi ya tsima, zai sha mamaki. Na gwada da ƙanena, ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce, "Yaya, ba laifi." Ba laifi!

Shi ya sa na canja dabara. Akwai damar gwada wasan kyauta, kuma Titan da Shiva duk suna cikin abin da ake iya kaiwa. Na sa shi ya buɗe, na bar shi ya yi tafiyarsa. Sabbin shiga ana gane su da ɗan koren tsiro a gefen sunansu. Ranar da ya iso Shiva na shiga tare da shi, na roƙi sauran shidan da su sassauta hannu kaɗan, akwai mai tsiro a cikinmu. Biyar suka yarda, ɗaya ya ce shi sauri yake yi, amma shi ma daga baya na ga ya rage. Aka zo wurin daskarewa. Duka muka sandare. Ina jin numfashinsa ta abin magana.

Ƙanƙarar ta tarwatse, jitar ta shigo, sai ga jaruminsa tsaye ƙiƙam a tsakiyar fili, bai motsa ba, har bugu na gaba ya kwantar da shi. Mai warkarwa ta tashe shi tana dariya. Shi kuwa abin da kawai ya ce shi ne, "Yaya, ana iya sake shiga?"