Distans ko disfilesmen, wanne za ka lissafa?

Ƙanena, ka ce tunda distans (tsawon hanyar da aka bi) da disfilesmen (gusawa daga inda aka tashi zuwa inda aka tsaya) duka da mita ake auna su ai abu ɗaya ne. A'a, kuma ni sai da na yi asarar maki kafin na gane.

A wata jarrabawa aka ce ɗan tsere ya zagaya filin gudu mai mita 400 sau ɗaya ya dawo inda ya tashi, a nemo disfilesmen ɗinsa. Na zabga 400 da gadara, har da ja masa layi biyu a ƙasa. Ashe amsar sifili ce. Ranar na ji haushi, amma daga nan disfilesmen ya shiga raina, don ba ruwansa da gumin da ka zubar a hanya. Ina ka tashi, ina ka tsaya? Sai a ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu, a faɗi tsawonsa da inda ya fuskanta. Ka yi mita 3 gabas, ka karya ka yi 4 arewa: ƙafarka ta ci mita 7, amma mita 5 kacal ka gusa, wajen arewa maso gabas, bisa lissafin Fitagoras, wato ƙa'idar nemo tsawon dogon gefen alwatika mai kusurwar digiri 90. Saboda wannan fuskar ake ce wa disfilesmen bekta, wato adadin da ke da girma da kuma inda ya fuskanta. Har alamar debewa yana ɗauka: in gabas ce gabanka, mita 2 yamma −2 ke nan.

Distans kuwa ƙirgen hanya ne kawai, irin lambar kilomitan da ke gaban direba. Ka je ka dawo, ita dai hawa take.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar takardun tsofaffin tambayoyi da amsoshi. Na taɓa sayen wata da ta ba da disfilesmen ya fi distans yawa, abin da ba ya yiwuwa. Iyakarsu su zo daidai, shi ma sai in tafiyar miƙe take ba juyowa. Kafin ka biya, buɗe tambayar zagaye ka duba.

In aka ce belositi, wato sauri haɗe da inda aka fuskanta, ko aka tambayi ina abu ya nufa, disfilesmen za ka raba da lokaci. In sifid aka ce, wato sauri zalla, distans za ka raba da lokaci. Ka kuma zana tafiyar a takarda kafin ka taɓa kalkuleta.