Gida ya daɗe a kasuwa: a rage farashi, a yi gyara, a sauya dillali, ko a gyara takarda?

Idan gida ya yi wata huɗu ko biyar a hannun dillalai ba a sallama ba, mai shi yakan rasa inda zai sa kuɗinsa. Wani ya ce masa a yi fenti, wani ya ce a buga a Facebook, dillali kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, a ɗan sassauta." Kowace daga cikin waɗannan tana aiki, amma kowace da ciwon da take warkarwa. Don haka kafin ka zaɓa, zauna ka lissafa abin da ya faru tun ranar da ka fitar da gidan. Mutum nawa suka kira? Nawa suka zo suka gani? Nawa suka taya? Nawa suka taya sannan suka ɓace?

Idan ba a kira ma, matsalar tana ga farashi ko talla. Idan ana zuwa a zagaya a ce "za mu yi shawara" ba tare da tayi ba, akwai abin da ido ko hanci ya ci karo da shi a cikin gidan. Idan kuwa ana tayawa, har a yi maganar kafin alƙalami, sannan mai saye ya janye, to duba takardunka, can gizo yake saƙar.

Mu fara da takarda, domin ita ce aka fi rainawa kuma ita ta fi korar masu kuɗi a hannu. A birni kamar Kano, gidaje da yawa, musamman na unguwannin awon igiya, ba su da komai sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Irin wannan yana sayuwa, amma ga mutanen da suka san unguwar da tarihin filin. Ma'aikacin da zai karɓi rancen gida, ko ɗan kasuwar da yake so ya ajiye takardar a banki, ko mazaunin ƙasar waje da zai aiko lauya, duk C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamna, suke nema, ko aƙalla takardar bayar da fili ta gwamnati. Lauyan mai saye zai je hukumar da ke ajiye bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ya bincika lambar fayil. Abin da yakan kashe ciniki a nan abu uku ne: sunan da ke fayil ba na mai sayarwa ba ne saboda an sayi gidan hannu biyu ko uku ba a taɓa sauya suna ba, akwai bashin kuɗin ƙasa na shekaru, ko kuma an taɓa jinginar da takardar ba a warware ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce ba a sauya mallakar fili mai takardar gwamna sai da amincewar gwamna. Mai saye da ya ga cewa shi zai bi wannan layin a madadin mutum biyu da suka gabace ka, ko dai ya fasa, ko ya zaftare farashi fiye da abin da gyaran zai ci maka. Ka yi binciken da kanka tun kafin a yi maka, ka biya bashin, ka ajiye rasit. Aikin yana cin watanni, wannan ne aibinsa, amma ko shaidar cewa an shigar da buƙata tana kwantar wa mai saye hankali.

Gidan gado yana da tasa matsalar. Mutane suna gudunsa don tsoron kada bayan an biya wani magaji ya taso daga Legas ya ce ba da yawunsa ba. A mazhabar Malikiyya ma, wanda yake da kaso a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓi kason da aka sayar. Maganin shi ne takardar rabon gado daga kotun shari'a, da takardar wakilci da duk magada suka sa wa hannu, mata da maza, har da waliyyin marayu. A nuna kwafinta tun zuwan farko.

Sai gyara. Nan ne ake ɓarnar kuɗi. Mai gida ya ga ba a taya ba sai ya fasa daɓe ya sa tayil mai tsada, ya yi silin na POP da fitilu kala-kala, alhali mai saye zai zo da nasa ra'ayin, ko matarsa ta ce launin bai yi mata ba. Kuɗin ado ba ya dawowa. Abin da yake dawowa shi ne kuɗin da ya kawar da tsoro. Tabon ruwa mai ruwan ƙasa a kusurwar silin yana gaya wa mai saye cewa rufi yana yoyo, ko da an daɗe da toshewa. A hau sama a duba kusoshin da suka ɗago da mahaɗar kwano, a sauya allon silin da ya lalace, sannan a yi fenti. Wanda ya shafa fenti a kan tabo ba tare da ya gyara kwano ba, ruwan Agusta zai tona masa asiri a gaban baƙi. Gindin bango da yake kumbura yana zubar da gishiri kuwa danshi ne daga ƙasa: a kankare filastar zuwa kamar ƙafa uku, a sake ta da siminti mai maganin ruwa, a bar ta ta bushe sosai kafin fenti, in ba haka ba cikin 'yan makonni ta sake ɓarewa.

Hanci yana riga ido yanke hukunci. Sokawe da ta cika, ko kwatar da ruwa ya kwanta a bakin ƙofa, suna gama ciniki tun daga zaure. A kira motar kwashe masai, a share magudana, a buɗe tagogi kwana biyu kafin masu dubawa su zo. A tabbata famfo yana kawowa: mai saye zai murɗa kan famfon banɗaki, kuma idan akwai burtsatse zai ce a kunna. A biya bashin wuta, a nuna mita da rasit na ƙarshe, domin tsohon bashi yakan bi gida ne, kuma kowa ya san haka. Fenti na ƙarshe, fari ko ruwan madara, shafi biyu, har da get da bangon waje. Kayan da aka jibge a tsakar gida, tsofaffin tayoyi da buhunan gawayi da turken awaki, a kwashe su. Tsakar gida mai ƙafa 20 takan koma kamar ƙafa 10 idan ta cika.

Maganar dillali tana da wuyar sha'ani. Al'ada ita ce a ba dillalai da yawa don labari ya bazu, kuma yana bazuwa, sai dai kowa yana ɗora nasa. Ka ce miliyan 40, na farko ya ce 43, yaronsa ya ce 45, wani da bai taɓa ganin gidan ba ya tura hotonsa a WhatsApp a kan 48. Mai saye ya ga gida ɗaya da farashi uku, sai ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Ɗaya hanyar ita ce dillali ɗaya, da yarjejeniya a rubuce ta kwana 60 ko 90, an faɗi farashi, an faɗi la'ada (kashi 5 cikin 100 aka fi sani, kuma a fayyace daga aljihun wa za ta fito), shi kuma ya raba da duk wanda ya kawo masa mai saye. Ga gida mai ɗaki uku a cikin lungu, dillalin unguwa da yake zama a bakin masallaci ya fi kowa sanin wanda yake neman kusa da iyayensa. Ga babban gida a Nasarawa GRA ko kan titi mai kwalta, ƙwararren mai ƙiyasta kadara da ke da rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu wannan sana'a, ya fi dacewa, don zai ba ka rahoton ƙima a rubuce wanda banki da kamfani suke yarda da shi.

Tallar intanet ita ce mafi arha, kuma tana maganin rashin kira ne kawai. Hoto 8 zuwa 12 ya isa, a ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, waya a kwance, daga kusurwar ɗaki. Bidiyo na minti ɗaya da rabi ya fara daga titi, ya nuna ko mota tana shiga lungun, sannan ya shiga ciki. A rubuta girman fili da ƙafa, kamar 50 da 75, da adadin ɗakuna, da irin takarda, da ruwa, da farashi. Tallar da ta ce "a kira don jin farashi" masu wasa take jawowa. A sa a shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook da zaurukan WhatsApp na unguwa, amma kada a ɗora hoton takardar mallaka da lambarta a fili, 'yan damfara suna amfani da ita su karɓi kafin alƙalamin wani da sunanka.

Rage farashi shi ne mafi sauri, shi ne kuma wanda rai ya fi ƙi. Mai gida yana lissafi da abin da ya kashe, ko da abin da maƙwabci ya ce yana nema. Ma'aunin gaskiya shi ne abin da aka biya a gidaje uku ko huɗu masu kama da naka a unguwar cikin shekarar nan. Mai unguwa da shaidun ciniki sun san wannan. Idan mutum uku da ba su san juna ba sun taya tsakanin 33 da 35, ka ce albarka duk sau ukun, kasuwa ta riga ta yi magana. Ragi sau ɗaya mai ma'ana, daga 40 zuwa 36 misali, ya fi a riƙa cire dubu ɗari biyar kowane wata, don wannan yana koya wa masu saye su zauna su jira. Ka kuma lissafa abin da jiran yake ci: a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, wato a irin wannan hauhawa, miliyan 40 da za ka samu baɗi ba ta kai 36 ta yau ba.

Wannan lissafin ne kuma yake sa a yi hattara da biya kashi-kashi. Yana ƙara yawan masu sha'awa sosai, musamman 'yan kasuwa da kuɗinsu ke juyawa a kaya, amma sai da sharaɗi: kashi 60 ko 70 a hannu, saura cikin wata uku zuwa shida, lauya ya rubuta abin da zai faru idan an saɓa, kuma asalin takarda da mukulli suna wurinka har a cika. Wanda ya bari aka tare a gidan da rabin kuɗi, ya koma mai bin bashi a ƙofar gidansa. Musaya da mota ko fili ma ana yi, sai dai a sa wani daban ya yi wa abin da za a ba ka kuɗi, kada mai kawowa ya yi.

Idan da ɗan haya a ciki, gidan ya zama na masu zuba jari kaɗai, domin mai son tarewa ba ya so ya gaji rigima. A yawancin jihohi mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata shida idan yarjejeniya ba ta ce wani abu daban ba, saboda haka a ba shi a rubuce da wuri, a kuma daidaita da shi ranakun da za a riƙa shigowa dubawa. A gidan da akwai iyali, a tsayar da lokaci ɗaya, kamar Asabar da hantsi, a sanar da matan gida tun daren Juma'a, don mai saye ya samu ya leƙa kowane ɗaki da kicin da banɗaki ba a tsayar da shi a zaure ba.