Man birki na DOT 4 a babur: ya ci kuɗinsa, amma a yi hattara da lamba 5

Wannan magana ta masu babur mai birkin faranti ce, irin su Bajaj Pulsar da TVS Apache. Yawancin Boxer da Jincheng na 'yan kabu-kabun Birnin Kebbi da Jega birkinsu na waya ne, ba ruwansu da mai.

DOT da lambar da ke biye da shi alama ce ta ajin man birki. A shagunan kayan gyara an fi samun DOT 3, kamar na Abro, saboda araha. DOT 4, kamar HBF 4 na Total ko na Bosch, ya ɗan fi tsada, kuma abin da kake biya shi ne jure zafi. A ƙa'ida, sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuwa 230. In sun sha ruwa, na farko ya sauko 140, na biyu 155. Dukansu suna zuƙar danshi daga iska, ko ta jikin tiyon roba, kuma wanda ke zirga-zirga a fadamun Argungu ko bakin kogi a Yawuri da damina, nasa ya fi saurin lalacewa. In mai ya tafasa, sai kumfa ya taru a cikin tiyo, ka matsa hannun birki ya tafi har jikin kan babur, tayar ba ta tsaya ba. Mai ɗaukar buhunan shinkafa ko albasa cikin zafin Afrilu, ko mai gangarowa daga tuddan Zuru yana riƙe da birki, shi zai ga amfanin wannan tazarar. Wanda bai wuce gida zuwa ofis ba, da wuya ya ji bambanci a hannunsa.

Kafin saye, a duba murfin kofin man da ke kan babur, an rubuta irin wanda yake sha. In DOT 4 aka rubuta, kada a koma 3. In "DOT 3 or 4" ne, a hau 4. Biyun suna gauraya, amma ƙari a kan tsohon mai asarar kuɗi ne, domin ruwan da ke ciki yana nan.

Canjin kansa ba wuya. Ana buƙatar kwalba ɗaya mai mililita 250, sifana lamba 8, siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, da gorar ruwa fanko. A daidaita kan babur, a buɗe murfi, a zuƙe tsohon man da sirinji, amma a bar kaɗan ya rufe ramin ƙasa. A cika da sabo. A sa tiyo a bakin ɗan notin fitar da iska da ke jikin kalifa, wato abin da ke matse farantin birki a jikin taya. A matsa hannun birki sau uku a riƙe, a kwance notin rubu'in zagaye, mai ya fita, a ɗaure, sannan a saki hannu. Sakin hannu kafin ɗaurewa shi ke jawo iska ciki, kuma nan yaran gareji suka fi ɓata aiki. A yi ta maimaitawa ana ƙara mai kada kofin ya ƙafe, har sai abin da ke fita ya zama garau ba kumfa. Man yana cin fenti, in ya ɗiga a kan tanki a wanke da ruwa nan take. In ya taɓa takalmin birki, sai dai a sayi sabo.

Tarkon yana ga DOT 5. Mai shago zai ce ai lamba ta fi girma, ya fi kyau. Shi na siliki ne, launinsa shunayya, ba ya haɗuwa da 3 ko 4, sai ya yi dunƙule-dunƙule ya toshe hanya. DOT 5.1 kuwa dangin 4 ne, ana iya zuba shi. Mafi muni shi ne man inji ko man giya, wanda wasu ke ɗigawa a hanya don ƙarasawa gida: robobin masta (famfon da ke jikin hannun birki) da na kalifa za su kumbura, birki ya kame ko ya saki baki ɗaya.

Aibin DOT 4 shi ne ƙarfinsa yana saurin raguwa in ya sha ruwa, don haka kada ya wuce shekara 2, ɗan kabu-kabu kuwa duk shekara bayan damina. Kada a sayi na awo daga buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi, kuma wadda hatiminta ya fashe a mayar wa mai ita.