Jagoran tsuntsaye a Tanuma: ya nuna min aƙ'aƙ, ya bar wa birai jakata

Masu tambayata game da yaron nan Bahaushe na Khamis Mushait da ke kai mutane ɗaukar hoton tsuntsaye, ga yadda muka yi da shi. Ƙarshen watan Agusta ni da ƙanina muka guje wa zafin Jidda muka sauka Abha, aka yi da shi zai ɗauke mu ana idar da sallar asuba ya kai mu Tanuma, wani gari a kan duwatsun arewa da Abha, neman tsuntsun nan aƙ'aƙ. Sai bakwai da rabi ya iso, yana ta "Alhaji a yi haƙuri". Tanuma kuwa tafiyar wajen awa biyu ce. Kafin mu kai, hazo ya taso daga gangaren Tihama, wato ƙasar da ke ta gaɓar Bahar Maliya, ya lulluɓe bishiyoyin kan dutsen da ake kira arar, ko mita 20 ba ka hangowa. Raina ya gama ɓaci.

Amma a faɗi gaskiya, yaron ya san dawan garin. Bai tsaya inda 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo ba, ya kewaya da mu bayan wani wurin shaƙatawa inda aka zubar da ragowar kabsa, shinkafar nan ta Saudiyya, ya ce mu yi shiru cikin mota. Ba a yi minti 15 ba sai ga su, su biyu. Aƙ'aƙ na Asir ke nan, wato yankin nan na kudu maso yammacin Saudiyya, wanda duk duniya ba a samunsa sai a duwatsun nan masu tsayin sama da mita 2,000. Kamar hankakan gida yake, baƙi da fari, sai dai bai kai shi jiki ba, ga doguwar jela mai sheƙi. Ɗaya ya sauko yana tsintar shinkafa, ƙwaya guda maƙale a gefen bakinsa, hazo a bayansa kamar an shimfiɗa farin ƙyalle. Hannuna har rawa yake. A lokacin da za a ce in ninka masa kuɗinsa, da na ninka.

To, sai muka fita bin wasu fakaru a ƙafa, shi kuma yaron ya bar gilashin baya na motar a sauke. Mutumin da kullum yake cikin duwatsun nan bai san halin gwaggon biri ba? Muna dawowa na hango wani ƙato a kan dutse, ya farke zif ɗin jakata yana cin dabinona. Da ƙanina ya yi kansa, sai ya wangale haƙora ya gangara da jakar cikin kwazazzabo. Batir biyu da katin hotunan dutsen Jabal Sauda da tsohon ƙauyen Rijal Alma na kwana biyu duk suna ciki.

Abin da ya fi ci min rai dariyar da yaron ya yi, wai "Alhaji ai sun saba". Ko riyal ɗaya bai rage ba, kuma da na tuna masa lattin safe sai ya ce ai dai mun ga tsuntsun. Hotuna 40 na aƙ'aƙ kawai na dawo da su Jidda, su ma don katinsu na cikin kyamarar da ke wuyana.