Lanolin ya gyara mini faso, amma ya tayar mini da ƙaiƙayi

Lanolin zalla na saya, wanda ba a sirka da ruwa ko turare ba, rawaya-rawaya mai danƙo kamar kakin da ya fara narkewa. Maiƙo ne da jikin tunkiya ke fitarwa don kare gashinta daga ruwa, ana samo shi ne idan aka wanke ulu da ruwan zafi bayan an yi wa tumaki aski, sannan a tace.

A kan faso kam, ban taɓa ganin irinsa ba. Sai dai yana da ƙa'ida. A jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi minti goma, a goge kaushin da dutse, a tsane ta da tawul amma kada a bari ta bushe ƙarau. A lakuto ɗan kaɗan, abin da bai wuce kan ɗan yatsa ba ga kowane diddige, a murza a tafin hannu har ya saki. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 38 zuwa 44, shi ya sa idan aka ɗora shi kai tsaye daga gwangwani yake jan fata maimakon ya shafu. A sa safar auduga a kwanta. Amfanin danshin nan shi ne lanolin na iya shan ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, ya riƙe shi a kan fata. Wanda ya shafa a busasshiyar ƙafa ya yi asarar rabin aikin. A dare na biyar bakin tsagar ya yi laushi ya fara haɗewa, har na daina jin safa tana maƙalewa.

To, a nan ne na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Jikin gwangwanin an rubuta cewa na busasshiyar fata ne da wadda ta tsage, babu gargaɗi ko guda. Sai na shafa a lanƙwasar gwiwar hannu, inda egzima, wato ciwon fata mai sa bushewa da ƙaiƙayi, ta riga ta ɓare fatar. Ranar farko lafiya lau. A kwana na biyu wurin ya yi ja, ya kumbura, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso daidai iyakar inda man ya taɓa, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Irin wannan borin fata ba nan take yake fitowa ba, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, don haka mutum sai ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ya ƙara lafta man, abin ya daɗa lalacewa. Masana fata sun daɗe da sanin wannan: lafiyayyar fata ba kasafai take ƙin lanolin ba, amma mai egzima ko gyambon ƙafa ta fi saurin yi masa bore. A 2023 ma ƙungiyar likitocin borin fata ta Amurka shi ta zaɓa a matsayin sinadarin shekara da ya kamata a yi hattara da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne layi ɗaya a jikin gwangwani ya isa ya hana duk wannan. Sai da na daina shafawa gaba ɗaya, na koma Vaseline zalla, sannan wurin ya fara lafawa.

Tun daga nan ƙananan aibobinsa da na yi ta kawar wa kai suka fara damuna. Yana da ɗan warin tunkiya, wanda a leɓe ba ya ɓoyuwa. Yana barin tabon maiƙo a zanin gado da ruwan sanyi ba ya fitarwa, sai ruwan zafi da sabulu sosai. A fuska kuma ya yi nauyi da yawa.

Har yanzu ina shafa shi a diddige, a can kaɗai. Mai son gwadawa ya fara shafa ɗan ɗigo a cikin damtse, safe da yamma, har kwana bakwai. Wanda fatarsa ta ƙi shi kuma ya riƙa karanta jikin sauran mayuka da jan-baki, domin wasu da sunan Adeps Lanae suke rubuta shi.